Ƙishirwar Barsu ba ta bazara ba ce

Assalamu alaikum. Aikina duba dabbobi ne a ƙauyukan da ke tsakanin Wudil da Gaya, yawanci shanu da tumaki da awaki. Shaidar da zan bayar ta wata karya ce, ta wani dattijo mai lambu a bakin fadama da muke kira Baba, wadda aka yi wa fiɗar gaggawa a bazarar da ta wuce. Na rubuta ne don ciwon da ya kama ta, wato cikar mahaifa da mugunya, yana kashe karnuka mata da yawa a karkara, a binne su ana cewa guba aka ba su ko maciji ne.

Sunanta Barsu, irin sunan habaicin nan da ake sa wa karnuka. Shekararta shida, nauyinta kilo 16. Ita ke gadin albasa da tumatir da dare, da rana ta bi jikokin Baba kiwo. Ta haihu sau huɗu, 'yan kwikwiyo sun ishi gidan, don haka da ta fara jinin barbara a ƙarshen Fabrairu wani ya kawo shawara a sayo allurar tsarin iyali ta mata, mai wata uku, a yi mata. Aka saya a kemis aka yi. Ba ta ɗauki ciki ba, kowa ya ce dabara ta yi.

Bayan mako shida, cikin Afrilu, ta fara shan ruwa kamar raƙumi. A cika mata kasko ta shanye, ta koma bakin mashayar awaki. Fitsari kuwa ko'ina. Tuwon dare ta fara barin rabi, daga baya ta daina kallonsa. Mutanen gidan suka ce zafi ne, kuma ba a ga laifinsu ba, don lokacin rana tana haura digiri 40. Da cikinta ya soma tasowa sai magana ta juya, aka ce ashe allurar ba ta kama ba, ciki ne da ita. Wani makiyayi ya yi mata allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake yi wa shanu kan kowane ciwo, ɗan Baba kuma ya ba ta ibufurofen ƙwaya biyu a cikin ƙuli-ƙuli. Kwana biyar aka yi a haka kafin a kira ni, ranar da ta fara amai.

Na tarar da ita kwance gindin darbejiya, ido ya faɗa. Abu huɗu na duba, kuma duk mai kare zai iya duba su da kansa. Na ɗaga leɓenta na kalli dasashi. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, da danshi, kuma in ka danna da yatsa ka ɗaga, jinin zai dawo kafin daƙiƙa 2. Nata ya bushe, yana manne wa yatsa, jinin na dawowa a hankali. Na kama fatar wuyanta na ja sama na saki, ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma, alamar jiki ya rasa ruwa duk da shan da take yi. Na sa ma'aunin zafi a duburarta, ya nuna 39.9, alhali na kare tsakanin 38 ne da 39.2. Sannan na ɗaga wutsiya. Babu mugunya, babu wari. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na tambayi Baba ruwa nawa take sha a wuni. Muka ƙiyasta da ledar fiya wata, mai rabin lita. Kare yana buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato leda biyu ta ishi mai nauyin Barsu, a ƙara kaɗan don zafi. Idan ya wuce mililita 100 kan kilo, akwai magana. Ita tana shan abin da ya kai leda shida.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Lokacin barbara bakin mahaifar karya yana buɗewa, ƙwayoyin cuta, galibi na cikin kashinta, su samu hanyar shiga. In barbara ta wuce sai bakin ya rufe, kuma wani sinadari na jikinta, wanda aikinsa riƙe ciki ne, ya hau sama ya zauna kusan wata biyu, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba. Shi ke sa bangon mahaifa ya yi kauri, ya riƙa tsatso ruwa, ya daina matsewa. Ƙwayoyin cutar sun samu ɗaki a kulle da abinci a ciki, sai mahaifa ta cika da mugunya. Allurar tsarin iyali irin wannan sinadarin ce aka ƙara a kan na jiki, shi ya sa take jawo ciwon, ko da yake yana kama karyar da ba a taɓa yi wa allura ba, musamman wadda ta fara manyanta. Dafin ƙwayoyin cutar yana hana ƙoda riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, ƙishirwa ta biyo baya. In bakin mahaifar ya ɗan buɗe za a ga mugunya mai wari tana ɗiga, karyar tana yawan lasar bayanta, mai ita ya farga da wuri. In a rufe yake, kamar na Barsu, babu abin da ke fita, mahaifa ta yi ta kumbura har ta fashe a ciki ko dafi ya gama da jini.

Na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin jakata. Sai an kai ta birni an cire mahaifar, kuma gobe da asuba, kada a kai jibi."

Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, babu allurar da za ta wanke shi?"

Na gaya masa gaskiya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana iya sa ta ɗan farfaɗo kwana biyu, amma ba ya kwashe mugunyar da ke kulle. Allurar naƙuda kuwa, da wasu ke yi don wai ta turo abin waje, matsa jaka ce mai ɗaurarren baki, fashewa za ta yi. Haka matsa cikin da hannu. Na roƙe su kada kowa ya ƙara taɓa cikinta, kada a ƙara ba ta ibufurofen ko dikulofenak, don suna huda cikin kare su yi masa gyambo, su ƙarasa ƙodar da dama ta jigata. Farasitamol ma ba a ba kare shi da ka, in ya yi yawa hanta yake ci.

A daren nan magana ta yi yawa a ƙofar gida, don Baba ya ce zai sayar da bunsurunsa ya biya kuɗin fiɗar. Wani ya ce a sayar da bunsuru saboda kare, ai abin dariya ne. Baba bai yi musu da kowa ba, sai limamin unguwa ne ya tuna musu hadisin mutumin da ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, ya ƙara da cewa karen gadin gona da na kiwo da na farauta shari'a ta yarda a ajiye su, kuma duk dabbar da ka ajiye haƙƙinta yana wuyanka. Aka kai bunsurun gidan mahauci.

Daren kafin tafiya babu abinci ko loma, saboda dabbar da aka sa wa maganin barci da abinci a ciki tana iya yin amai ya gangara huhu. Ruwa kaɗan-kaɗan a kasko, ta sha da kanta. Ɗura wa kare mai amai ruwa haɗari ne, ta nan shaƙewa ke zuwa. Da asuba muka shimfiɗa buhu, muka mirgina ta a kai, mutum biyu suka kama kusurwoyi suka ɗaga. Ba a rungumar irin wannan ta ciki. Kare mai jin ciwo yana cizon ko mai shi, kuma Barsu ba a taɓa yi mata rigakafin haukan kare ba, don haka muka ɗaure bakinta da tsumma mai laushi lokacin ɗagawa kawai, muka kwance da ta kwanta. Ba a barin takunkumi a bakin kare mai amai, kuma da haki kare ke fitar da zafin jikinsa. A bayan a-kori-kura aka kwantar da ita, aka yi mata rumfa da zane, muka haye gadar Wudil tun rana ba ta yi zafi ba.

A asibitin dabbobi a Kano Baba ya zaci daga mota sai wuƙa. Likita ya fara ɗora ta a sikeli, don da nauyi ake auna kowane magani. Ya ɗebi jini ya duba yawansa, ya kuma duba ko akwai cutar kaska, saboda karnukan karkara da yawa suna yawo da ita, tana rage jini, wata kuma tana hana shi daskarewa, abin tsoro ga wanda zai yanka. Ya yi hoton ciki, aka ga mahaifa cike da ruwa, babu ɗan kwikwiyo ko ɗaya. Sannan ya sa mata ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka jira sa'o'i. Baba ya ƙosa. Likita ya ce masa, "Baba, in na sa mata maganin barci jikinta a bushe, jininta zai faɗi, ba za ta tashi ba." Ya kuma faɗa masa a fili cewa tana iya mutuwa a kan tebur, kafin a sa hannu a takarda.

Fiɗar ta ɗauki kamar sa'a ɗaya da rabi. An tsaga daga ƙasan cibiya, aka ɗaure jijiyoyi, aka ciro mahaifa da gidajen ƙwai biyu gaba ɗaya ba tare da ta fashe ba. Mahaifar karya reshe biyu ce, kowane bai fi kaurin fensir ba in tana lafiya. Ta Barsu kowane reshe ya kai damtsen yaro. Ɗinki hawa uku aka yi: bangon ciki, naman ƙarƙashin fata, sannan fata. Ta kwana biyu a can ana ƙara mata ruwa, aka sallame mu da ta fara cin abinci.

Daga nan aiki ya dawo kan mutanen gida, kuma a ƙauye nan ne aka fi asarar dabbar da likita ya riga ya ceto. Aka share wani ɗakin ajiya mai ƙofa, aka yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, aka shimfiɗa tabarma da tsohon zane wankakke da ake sauyawa kullum. Aka rataya gidan sauro a kanta. Ƙuda na ajiye ƙwai a kan rauni, cikin wuni guda su zama tsutsa, kuma gidan da ke da turken awaki ba ya rabuwa da ƙuda. Kaji ma aka hana su shiga, don suna tsattsagar zare. Duk da zafin bazara, dabbar da ta fito daga fiɗa jikinta na iya yin sanyi. In kunnuwa da tafin ƙafa sun yi sanyi, ko ma'auni ya sauka ƙasa da 37.5, a lulluɓe ta, a sa ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a ajiye gefenta. Ba a kai ta bakin murhu, don ba ta da ƙarfin matsawa in ta ji ƙuna.

Na koya wa babban jikan Baba, ɗan makarantar sakandare, abin da zai riƙa rubutawa safe da yamma a bayan littafinsa: launin dasashi, zafin jiki, numfashi nawa a minti in tana barci, ruwa leda nawa, ta yi fitsari ko ba ta yi ba, ta ci ko ta ƙi. Numfashin kare mai barci bai kamata ya wuce 30 a minti ba. Dasashin da ya koma fari kamar takarda, da ciki mai ƙara tasowa, alamar jini na zuba a ciki ne, wataƙila ɗaurin wata jijiya ya saki, kuma wannan ba ya jiran gari ya waye. Haka amai a kai a kai, ko wuni guda cur babu fitsari. Rashin kashi na kwana biyu ko uku kuwa ba abin damuwa ba ne, cikin ne babu komai, maganin barci kuma yana rage motsin hanji.

Abinci muka fara da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta saba ci, sau huɗu a rana: farar shinkafa da ta dahu luguf, da dafaffen ƙwai ko tsokar kaza, babu mai, babu yaji, babu dunƙulen ɗanɗano. Sauran miyar gida aka hana, saboda albasa tana fasa ƙwayoyin jinin kare, ga shi gidan masu albasa ne, ba a miya babu ita. Ƙashi dafaffe ma haka, yana tsagewa ya soki hanji. Inna ta so ta ba ta nono don ta yi ƙarfi, na ce a dakata, yana sa wasu karnuka zawo, zawo kuma ruwan da ake ta faman mayarwa zai kwashe. A kwana na biyar ta koma tuwo da aka dama da romo. Ƙwayar magani ana cusa ta cikin ɗan curin kifi. In ta gane ta tofar, a ɗaga kanta, a buɗe baki, a ajiye ƙwayar can bayan harshe, a rufe a shafa maƙogwaro har ta lashi hancinta, alamar ta haɗiye. Na ja kunnensu kan cewa maganin sai ya ƙare kamar yadda likita ya rubuta, ko da ta miƙe tana kaɗa wutsiya.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne hana ta lasar ɗinkin. Mutane na cewa yawun kare magani ne. Harshen kare kaushi gare shi, bakinsa cike da ƙwayoyin cuta, kuma cikin minti kaɗan haƙoransa za su tsinke abin da likita ya ɓata lokaci yana ɗinkawa. Muka samu ƙaramin bokitin roba, muka yanke gindinsa daidai yadda kanta zai shiga, muka naɗe bakin yankan da tsumma kada ya yanke ta, muka huda wuri huɗu muka ɗaura shi a jikin wani ƙyalle da ke wuyanta. Yatsa biyu su iya shiga tsakanin ƙyallen da wuya, kuma bakin bokitin ya wuce hancinta da kaɗan, in ba haka ba za ta kai ga cikin. Kaskon abinci sai an ɗora shi a kan bulo ta iya kaiwa.

Daren kwana na huɗu da dawowa ta yi ta kuka tana buga bokitin a bango, ƙaramar jikar Baba ta ji tausayi ta kwance mata. Da safe aka tarar zare biyu sun tafi, fata ta buɗe kamar faɗin yatsa, tana tsatsar ruwa ja-ja. Kafin in iso har an kawo toka a murfin kwano, wani maƙwabci kuma ya ce baƙin mai ya fi. Na ce, "Inna, don Allah a mayar da tokar nan murhu." Toka da baƙin mai da kashin shanu da man shanu duk datti suke kaiwa cikin rauni. Dettol da Izal kuma suna ƙona naman da ke ƙoƙarin haɗewa, in ta lasa su cuce ta. Abin da ake yi shi ne a tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce, a wanke hannu da sabulu, a ɗiga ruwan a kan raunin, a tsane da auduga mai tsabta. Sannan aidin irin na asibiti, a tsarma shi da ruwan nan har ya yi launin shayi marar kauri, a shafa a gefe-gefe.

Muka ɗauki hoto da waya muka tura wa likita. Ya ce in duba ko akwai wani ƙullutu mai laushi da ke komawa ciki in an taɓa a hankali. Babu. Wato fata ce kawai ta buɗe, ɗinkin bangon ciki yana nan, sai ya ce a riƙa wankewa sau biyu a rana, zai cike da kansa, ya ƙara kwanakin magani. Da bangon cikin ne ya buɗe har kitse ko hanji ya leƙo, ba a turawa ciki da hannu. A jiƙa wankakken zane da ruwan gishirin nan a rufe, a naɗe cikin da wani zanen ba da ƙarfi ba, a hana ta kai baki, a nemi mota nan take. Yarinyar da ta kwance bokitin ta yi ta kuka, Baba ya ce kada wanda ya taɓa ta, ya ba ta aikin riƙe fitila duk lokacin wanki. Bokiti ya koma wuya, aka kuma sa wa Barsu tsohuwar singileti aka ɗaure ta baya.

Mako biyu ba gudu, ba tsalle, ba wanka, ba shiga fadama. Sau uku a rana ake fita da ita da igiya ta yi fitsari a dawo. Tun kwana na bakwai ta fara jin ƙarfi, tana jin kukan awaki tana tono ƙofa, kuma lokacin ne masu kare ke sakewa su sake ta, alhali naman ciki bai gama kamawa ba. Ɗan kumburi da ja a bakin ɗinki cikin kwanakin farko ba komai. Wanda ake tsoro shi ne kumburi mai zafi, mai wari, mai fitar da ruwa rawaya ko kore.

Littafin yaron ya nuna ruwan da take sha yana sauka: leda biyar, huɗu, uku, har ya tsaya a biyu da rabi a mako na biyu. Wannan ne ya kwantar wa likita da hankali game da ƙodarta, musamman bayan ibufurofen ɗin da ta sha. Galibi ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Nata sai da aka cika 14, wurin da ya buɗe kuma ya ƙara mako guda kafin ya rufe, bokiti na wuyanta har lokacin. Da ta murmure aka yi mata rigakafin haukan kare, wanda za a riƙa maimaitawa duk shekara, aka ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska.

Ga wanda 'yan kwikwiyo suka isa, hanya biyu ce mai ƙarancin haɗari. Ko a kulle karyar har barbara ta wuce, kamar mako uku ke nan, galibi sau biyu a shekara, ko a kai ta a cire mahaifar tana da lafiya, wata biyu zuwa uku bayan barbara. Fiɗa ɗaya ce da wadda aka yi wa Barsu, amma a jiki mai ƙarfi da mahaifa siririya, ga sauƙin kuɗi, ga saurin warkewa.

Da na bincika, ashe karnuka uku aka yi wa allurar nan a unguwar cikin wata guda. Ɗaya ta wani mafarauci ce, ta mutu tun kafin a kira ni wajen Barsu, aka ce maciji ne, ko da yake matarsa ta ce ita ma ta yi ta shan ruwa. Ta ukun Baba da kansa ya taka har gidan mai ita, ya ce a auna ruwan da take sha da ledar fiya wata. Leda biyar take sha, kuma akwai ɗigon mugunya a inda take kwana. Washegari da asuba aka shimfiɗa mata buhu.